Turmin Saratu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Bitrus, direba ne ni.

A soja na koyi tuƙi da gyaran mota. Da aka sallame mu, na sayi tsohuwar kitika, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, a hannun wani Bature, ina ɗaukar auduga daga ƙauyukan Birnin Gwari zuwa Funtuwa. Gidana na ƙarshen gari, daga shi sai daji. Ba coci a garin, ni da matata Saratu muke sujada a ɗaki. Da ta rasu, na rufe Littafi Mai Tsarki, na koma ƙarƙashin mota. Kowace Lahadi ina can kwance, ina kwance abin da bai lalace ba ina mayarwa. Maƙwabta suka yi ta sallama ba na amsawa, har suka daina.

Turminta kuwa ba na iya kallonsa. Na mirgina shi rumfar da nake ajiye mota, yana kwance tsakanin tayoyin motar inda ido ba ya kai.

Wata Lahadi da damina sifirin baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya karye. Na ɗaga motar da jak, na cire taya, na shiga. Ƙasa ta sha ruwa. Jak ya nutse, ya goce, motar ta sauko. Ba ta kai ƙasa ba, ta zauna a kan turmin. Ƙarfe ya danne mini ƙirji, numfashi sai rabi, murya babu. Ina jin icen yana ƙara, yana tsagewa a hankali.

Da sifana a hannuna, sai na yi ta bugun ƙarfe. Mai nono ta yi sallama a ƙofa, ta ji bugu, ta wuce. Wa zai zo? Kowa ya san haka gidan Bitrus yake ran Lahadi.

Da hannu ya gaji na ce a zuciyata, "Ya Yesu, na kori kowa, har da kai. Ga ni." Na saki sifana. Na kwanta shiru ina jiran mutuwa.

Can sai na ga ƙafafu a bakin rumfa. Malam Tanko ne, tsohon manomin da ke bayan dangata.

"Direba? Kana ciki?"

Ya leƙa, ya fita da gudu. Ya dawo da 'ya'yansa da wani Bafulatani mai wucewa, suka cusa gungume, suka ɗaga, suka jawo ni ta ƙafa. Ina fita turmin ya rabe biyu.

Da na sami murya na tambaye shi, "Baba, me ya kawo ka?"

Ya ce, "Shirun da na ji. Tun da matarka ta rasu, in na ji kana ƙwanƙwasa wannan gwangwanin naka, sai in ce wa matata, to, maƙwabcinmu yana da rai. Yau ka yi shiru tun rana ba ta karkata ba."

Ashe duk wannan lokaci ana saurarona ta bayan danga.

Haƙarƙarina biyu sun karye, sun warke. Yanzu ba na shiga ƙarƙashin mota sai na kafa gungume, kuma in an yi sallama ina amsawa. Ɓarin turmin yana ɗakina, a kansa nake ɗora Littafi.

Na gode wa Ubangiji da ya ji ni lokacin da ba ni da murya. Wanda yake zaune shi kaɗai a cikinku, kada ya ce ba mai jinsa. Ku dogara gare shi. Amin.