An Sa Mama a Kwamiti, Ba a Kiranta Taro

Salamu alaikum, Anti mai gabatarwa. Hajara ce daga unguwar Al Thumama a Doha. Ban saba magana ba, amma abin ya ishe ni.

Ƙungiyar 'yan gida ta Doha ta ce dole a sa mace a kowane kwamiti. Aka sa Mama a na makarantarmu ta Asabar. Amma a majalisar maza ake taron, ba a kiranta. Can suka yanke cewa samari kawai motar makaranta za ta riƙa ɗauka. Da Mama ta buga waya, shugaban ya ce, "Haba Hajiya, ai kina ciki, shi ke nan."

Yanzu karatunmu mu 'yan mata ya tsaya. Anti, wa za mu kai wa kuka? Ina gaida ƙawata Bilkisu, ita ma tana gida zaune.