Makullin da ke Wuyan Buba

A tashar Ƙafin Maiyaki, wani dattijo ya ƙura wa makullin da ke wuyan Buba makiyayi ido.

"Na shago ne, samari?"

"Na akwatin gidan waya ne, Baba. Yau na kama hayarsa."

"Kai da ke bin shanu? Ba ta hannun mai unguwa wasiƙunku ke zuwa ba?"

"Shi ya sa duk garinmu Ba'awa ke jin sirrina kafin ni. Yanzu kowa a rugarmu, da sunan yanka ko da laƙabi, lambata zai bayar."

"Za ka ɓata wa manya rai fa. Ka ma iya karatun?"

Buba ya shafa makullin.

"Ban iya ba. Amma daga yau ni zan zaɓi mai karanta min."