Asabar Biyu da Na Ɓoye wa Rahila Gaskiya

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Kun san ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa na rubuto wannan a takarda.

Bara gwaggona da ke Nguru ta roƙe ni in taya 'yarta Rahila shirin jarrabawar kammala sakandare. Lauya Rahila take so ta zama, kuma ba za a ɗauke ta a jami'a ba sai ta ci adabin Turanci. Makarantarsu ta daɗe ba malamin darasin. Ni kuwa nan na fi ƙarfi. Kowace Asabar nakan hau mota daga Gashuwa da tsofaffin littattafaina, waɗanda na ja wa layi da jan biro. Ina alfahari da su ƙwarai. Wata huɗu muna bin su babi-babi.

Saura mako biyar, sai Falmata 'yar maƙwabtansu, wadda ke wata makarantar, ta shigo aron ƙamus. Ta leƙa ta ce ita ba ta san waɗannan labaran ba. Na karɓi nata littattafan na duba. Ashe an canza littattafan jarrabawar tun bayan da na gama. Ni mai duba waƙafi sau uku, ban taɓa duba manhaja ba!

Ga abin kunyar. Na ce wa Rahila Falmata ce ta ruɗe. Asabar biyu na ci gaba da koyar da abin da na san ba zai fito ba. Gwaggo tana soya mini kifi, tana yabona a coci, ni kuma ina ci ina shiru.

Wata Laraba ina ɗakin karatu, saƙon Rahila ya shigo: "Yaya, na haddace duka. Ba zan ba ki kunya ba."

Na fita bayan ginin, na durƙusa gindin dalbejiya. Na ce, ya Ubangiji, na fi son sunana da yarinyar nan, ka gafarta mini, ka buɗe bakina.

Ban jira Asabar ba. Washegari na isa Nguru na faɗa musu komai. Rahila ta shige ɗaki tana kuka. Gwaggo ta ce, "Wata huɗun kuskure ne, Hannatu. Makon biyun nan ne suka yi mini ciwo. Tashi ki je gidan su Falmata."

Na je na ba yarinyar haƙuri a gaban mahaifiyarta. Ita ce ta ara mana littattafan. Mako uku muka yi mu uku a kan tabarma ɗaya, galibi Falmata ce malamar.

Rahila ta ci. Da ƙyar, amma ta ci. Yabo ga Ubangiji!

Na gode wa Allah da ya ƙwace ni daga girman kai kafin in ɓata wa yarinya shekara. Ɗan'uwa, in kana riƙe da wata gaskiya saboda kunya, ka dogara ga Yesu ka faɗe ta yau. Kada ka jira Asabar.