Mai Datti Ko Mai Ƙyalli

Auta: Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni?

Yaya: Wa'alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya iyali?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya jikin Baba?

Yaya: Da sauƙi, ga shi nan kishingiɗe a falo. Wannan ƙarar fa? Kana ina?

Auta: Wurin masu saran tsofaffin ƙarafa. Ya su maigidan?

Yaya: Lafiyarsu ƙalau. Kai dai faɗi abin da ke bakinka.

Auta: Na samo injin lantarkin da za mu sa wa motar Baba.

Yaya: Ka samo me? Layin na yankewa.

Auta: Inji! Na motar nan mai ƙaho biyu da ke ɗaga kaya a sito, yadda kika ce. Sun farke guda ɗaya yau.

Yaya: Madalla. Tunda tsohon injin ya buga, zuwa wankin ƙodar nan a motar haya ya ishi Baba. Jiya sai da ya yi amai a hanya. Wanne ka ɗauka?

Auta: Kamar yaya wanne?

Yaya: Ai biyu ne a cikinta. Ɗaya na juya taya, ɗaya na famfon da ke ɗaga ƙahon.

Auta: E to, biyu na gani. Na ɗauki mai kyan. Fentinsa ko ƙwarzane babu, ga shi ba nauyi.

Yaya: Kai da son ƙyalli! Leƙa gindinsa. Akwai sandar ƙarfe da ta fito?

Auta: Babu. Rami ne mai haƙora.

Yaya: To da me za ka haɗa shi da giyar motar? Da addu'a? Kusoshin ɗaura waya nawa ne a jikinsa?

Auta: Biyu.

Yaya: Na famfo ne. Ɗan aiki kaɗan ya saba yi ya huta. Kafin ka gama hawan gadar asibiti ya yi zafi ya ƙone, ka bar Baba a tsakiyar titi.

Auta: Amma mai wurin ya ce...

Yaya: Mai wurin ƙarfe yake sayarwa a kilo. Ni da nake naɗin wayar injuna tun kana zuwa makaranta da majina fa? Ɗayan yaya yake?

Auta: Baƙi ƙirin, duk maiƙo. Mutum biyu da ƙyar suka mirgina shi.

Yaya: Nauyin ai jan ƙarfe ne a ciki, shi muke nema. Kusoshi huɗu?

Auta: Bari in matsa... Huɗu. Ga sanda ma ta fito.

Yaya: Kama ta ka juya.

Auta: Tana juyawa sumul.

Yaya: Sa hancinka a ramin iska. Akwai ƙaurin ƙuna?

Auta: Warin mai kawai. Yaya, kuɗin batir fa? Wannan zai ci da yawa.

Yaya: Kowanne ka ɗauka sai ya ci. Gara wanda zai kai mu. Mayar musu da mai ƙyallin, ka cika musu kuɗin da ya rage.

Auta: Akwai matsala. Sun ware shi cikin na fasawa, wayar ciki suke so. Ga wani ya taho da guduma.

Yaya: Inna lillahi! Ka hana shi mana!

Auta: Ya ce sai maigidansu, shi kuma ya tafi salla.

Yaya: Zauna a kai.

Auta: In zauna? Farar shadda ce a jikina!

Yaya: Ni zan wanke. Irinsa ba ya faɗowa kullum. Zauna!

Auta: To... na zauna. Malam, yi haƙuri, ba inda za ni. Yaya, kallona yake da gudumar a kafaɗa.

Yaya: Ya kalla. Tsaya, Baba na magana. Na'am, Baba? Wai an samu?

Auta: Ce masa ya shirya zama a gaban motarsa. Ina zaune a kan... Yaya, katina ya...