Koren da Aka Gani a Gidimuni

A tashar Zinder, shekarar da fari ya ƙone gero, Sallau manomin Gidimuni yana jiran mota ta cika. Kusa da shi wani mai tabarau ya buɗe ordinata, wato kwamfuta, a kan cinya.

"Malam, rufe abin nan. Irinsa ne ya hana mu hatsin taimako."

"Ta yaya, Baba?"

"Wai wani masani a Yamai ya koya masa duban ƙasa daga sama. Garin da ya gani kore, ya ƙoshi ke nan. Sai aka tsallake mu, aka wuce da buhuna."

"A yi masa adalci, Baba. Ƙasashe shida ke aiki da tsarinsa, ɗalibansa sun cika ma'aikatu."

"Ƙasashe shida! Ashe ba mu kaɗai ya kashe ba. An ce takarda arba'in ya rubuta yana yabon kansa."

"Arba'in da uku ne. Kuma hoton Gidimuni kore ne shar, sau biyu na duba kafin in sa hannu."

Sallau ya dube shi tun daga takalmi har tabarau.

"Kai ne ke nan. Ka taɓa taka Gidimuni?"

"Ban samu lokaci ba."

"Koren da ka gani kachalla ce, ciyawar da ta shaƙe mana tafki. Ran Talata na binne jikata." Ya miƙe, ya damƙe masa hannun riga. "Saura wuri ɗaya a motar nan. Tashi mu je, a dafa maka koren ka ci."