Mai Shiga Randa

A kasuwar Telabi ta ƙasar Jojiya, Otar na tallan giyar inabinsa, wata baƙuwa ta ɗanɗana.

"Baiwar Allah, wannan ba fitsarin masana'anta ba ne. A randar da kakana ya binne ta nuna. Duk shekara sai an shiga ciki an kankare ta da ɓawon itace."

Matar ta dubi tumbinsa. "Baba, da wannan cikin kake wuce bakin randa?"

Otar ya gyara tsayuwa. "Mai ɗakina Tsiala ke shiga. Shekara arba'in, giyarmu ba ta taɓa tsami ba."

"Kai fa?"

"Ina riƙe mata fitila."

Ta juya kwalbar, sunansa kaɗai ta gani. "Ba ni biyu. Ka gaida mai giya. Kai kuma sannu da riƙon fitila."