Jan Kati a Durƙushe

A tashar Makarfi, muna jiran motar Gubuchi ta cika, wani dattijo ya tare mai duba alƙalan ƙwallon matasa.

"Kai ne Malam Maiwada? Me ɗana Ikrima ya yi ka hana shi hura wasan ƙarshe?"

"Baba, a durƙushe ya ba ɗan wasa jan kati, da hannu biyu!"

"Ai kawunsa ne. A tsaye zai kore shi?"

"Ƙyam! A fili babu kawu, babu babba. Haka na gaya masa."

"Iyakar laifin ke nan?"

"Ina! Ina yi masa gyara, yaron nan yana tsaye yana kallon idona, ko rusunawa babu."

"To, Malam, ashe ya ɗauki karatunka."